Mahaƙa da maɓarnata: aikin da ya fi cin lokacinmu a kamfani

Mu shida ne a kamfaninmu, kuma wasa ɗaya tak muke da shi: wasan sararin samaniya da ake bugawa ta intanet, inda kowane ɗan wasa ke da kumbonsa. Wasu fatauci suke yi, wasu yaƙi, amma mafi yawa haƙar ma'adinai ce sana'arsu. Mutum ya tuƙa kumbonsa zuwa inda duwatsu ke shawagi, irin waɗanda ke tsakanin duniyar Mars da Jupita, ya ɗora wa dutse hasken haƙa, ya zauna yana jiran rumbun kumbon ya cika. Ni ne mai kamfanin, ni ne kuma ke karanta koke-koken 'yan wasa da safe, kuma tun da muka buɗe babu koken da ya kai wannan yawa: "Na yi awa biyu ina haƙa, wani ya zo ya tarwatsa ni."

Wanda bai san harkar ba zai ce ai wasa ne. Wasa ne, amma awa biyun ta gaske ce. Kuma ƙarfen da mahaƙi ya haƙo da shi ake ƙera kowane kumbon yaƙi da kowane harsashi a cikin wasan. Idan mahaƙa suka yi fushi suka watse, kasuwa ta tashi, har shi mai harbin nasu ya rasa abin hawa. Mahaƙa ne kuma suka fi daɗewa suna biyan kuɗin wata, wanda da shi nake biyan albashi da kuɗin hayar saba, wato kwamfutar da wasan ke gudana a kanta.

Na ɗauki lokaci kafin na gane cewa masu kai harin iri biyu ne. Akwai ɗan fashi, wanda riba yake nema: ya tare ka, ya kwashe kaya, wani lokaci ma ya karɓi kuɗin fansa ya sake ka. Wannan ba na faɗa da shi, don shi ke sa zuciyar mahaƙi ta riƙa bugawa, wasan ya yi armashi. Sannan akwai maɓarnaci, wanda ba ya ɗaukar ko tsinke. Ya fasa dutsen da kake haƙa ya zama ƙura, ko ya riƙa bangazar kumbonka har hasken haƙa ya katse, ko ya janyo maka kumbunan abokan gaba na kwamfuta su biyo shi har inda kake, shi kuma ya sulale. Ladansa kawai ya ga ka hau rubuta zagi. Tun 1996 wani masanin wasannin intanet, Richard Bartle, ya kasa 'yan wasan intanet gida huɗu: masu neman cin nasara, masu son bincike, masu son hira da jama'a, da masu jin daɗin danne wasu. Na karanta wannan tun kafin mu buɗe kamfani, na ɗauka zance ne na malamai, sai da kaso na huɗun suka sauka a gonata.

Matakinmu na farko rufe asusu ne. Bai yi aikin komai ba, domin buɗe asusu a wasanmu kyauta ne, wanda ka kora da safe da yamma ya dawo da sabon suna. Mataki na biyu ya fi muni, kuma ni na kafe a kansa duk da mai rubuta mana manhaja ta ce kada a yi. Muka hana harbi gaba ɗaya a wuraren haƙa. Koke ya ɗauke cak, na yi ta murna. Ashe garin neman gira za mu rasa ido. Da mutane suka ga babu haɗari, sai suka riƙa sa manhajar da ke haƙa da kanta, su tafi barci kumbo na aiki. Ma'adinai suka cika kasuwa, farashi ya faɗi warwas, mahaƙin gaskiya da ke zaune gaban allo ya ga wahalarsa ba ta biya. Kumbuna kuma sun daina lalacewa, don haka maƙera suka rasa masu saye. Ga shi maɓarnatan ba su tafi ba, bangaza da fasa dutse ai ba harbi ba ne.

Ba mu ne farkon waɗanda suka shiga wannan tsaka mai wuya ba. Wasan Ultima Online, wanda ya fito a 1997, ya sha fama da masu kashe 'yan'uwansu 'yan wasa har a shekarar 2000 aka raba duniyarsa biyu, Trammel inda ba a taɓa ka sai da yardarka, da Felucca inda kowa tasa ta fisshe shi. Jama'a suka tuɗaɗa Trammel. Elite Dangerous na kamfanin Frontier, da ya fito a 2014, ya bar wa mutum zaɓi: ya shiga fili da kowa, ko da abokansa kawai, ko shi kaɗai. Waɗannan hanyoyi suna aiki ga mai ɗimbin jama'a. Mu da 'yan wasanmu ba su taka kara sun karya ba, in muka raba su biyu kowane ɓangare kufai zai zama.

Wanda na fi koyon darasi a wurinsa shi ne wasan EVE Online, wanda kamfanin CCP na Rekjabik a ƙasar Aisland ya fitar, yake kuma gudana tun 2003. A can, ko a yankunan da ke da tsaro, ba a hana ka harbi. Sai dai 'yan sandan wasan, CONCORD, za su iso cikin daƙiƙoƙi su tarwatsa kumbonka, babu makawa. Maharan sai suka koma lissafi: su zo da ƙananan kumbuna masu arha, su gama da babban kumbon haƙa mai tsada kafin 'yan sanda su iso. Har gasa 'yan wasa suka riƙa shiryawa mai suna Hulkageddon, ta farautar kumbon haƙa da ake kira Hulk. CCP ba su hana abin ba. Sun daina biyan inshora ga kumbon da 'yan sanda suka tarwatsa, a 2012 kuma suka ƙara wa kumbunan haƙa ƙwari, suka bar mahaƙi ya zaɓa tsakanin mai saurin haƙa, da mai babban rumbu, da mai taurin fata. A ƙarshen shekarar suka gyara tsarin laifuka, ta yadda wanda ya saci kayan wani zai ɗauki tambarin tuhuma na minti 15, kowa na iya harbinsa.

Abin da na tsinta a nan shi ne lissafin. Muddin abin da maharin zai yi asara bai kai ko kusa da abin da mahaƙi zai rasa ba, ɓarna ba za ta tsaya ba, ko wa'azin me ka yi. Sai muka zauna muka bi kowace irin ɓarna muna tambaya: nawa take ci wa mai yin ta, nawa take ci wa wanda aka yi wa?

Muka dawo da harbi, amma muka cire inshora ga wanda ya fara kai hari a yankin tsaro. Sabon asusu ba ya iya ɗaura makami a wuraren haƙa sai ya yi wasu kwanaki yana wasa na gaske, wannan kaɗai ya rage masu dawowa da sabon suna, don babu mai son yin aikin mako guda saboda muguntar minti ɗaya. Dutsen da aka fasa da makami yanzu ba ya zama ƙura, yana rarrabuwa ƙanana, kuma na ɗan lokaci wanda ya fara haƙarsa ne kaɗai ke iya kwasa. Wato maɓarnaci ya zama ɗan aikin mahaƙi ba tare da lada ba. Wannan gyaran shi na fi alfahari da shi, kuma ba ni na kawo shi ba, wata 'yar wasa ce ta rubuto mana shi a cikin kokenta, tsakanin zagi da zagi. Muka kuma sa ma'adinai masu daraja a can nesa inda babu 'yan sanda, don wanda ke son riba mai tsoka ya san da haɗari ya saye ta.

Akwai inda muka sake yin tuntuɓe. Mun ba mahaƙa dama su sa lada a kan wanda ya cuce su. Cikin 'yan kwanaki sai ga maɓarnaci yana hawa kumbo mafi arha, abokinsa ya harbe shi, su raba ladar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Dole muka mai da ladar ta zama wani kaso na darajar kumbon da aka tarwatsa, yadda ba za a taɓa cin riba da haɗin baki ba.

Gyaran da ya fi canza halin mutane kuwa bai shafi hukunci ba. Mun ƙirƙiro kwangilar rakiya: mahaƙi ya ɗauki mai gadi, wasan da kansa ya riƙe kuɗin, ya kuma yanka wa mai gadin kasonsa idan kaya suka isa tasha lafiya. Da yawa daga cikin sunayen da na saba gani a koke yanzu a jerin masu gadi nake ganinsu. Faɗa suke so tun asali, kuma faɗa da mai makami ya fi daɗi a kan harbin kumbon da ba ya ramawa. Ɗaya daga cikinsu, wanda na taɓa rufe wa asusu har sau uku, yanzu shi ke turo mana rahoton duk wata kafa da ya gano kafin wasu su gano ta. Ban yarda da shi ɗari bisa ɗari ba, amma ina karanta saƙonsa kafin na kowa.

Rufe asusu yana nan, sai dai mun keɓe shi ga wanda ya bi mutum ɗaya yana cin zarafinsa kullum, ko ya kai abin ga zagi da barazana a wajen wasa. Wannan ba lissafin kuɗin wasa ke maganinsa ba.

Bangaza ce har yanzu ta gagare mu. Kwamfuta ba ta iya bambance wanda ya buge ka da gangan da wanda hannunsa ya kuɓuce a wuri mai cunkoso, kuma duk dokar da muka gwada sai ta kama marar laifi. A sabuntawar mako mai zuwa za mu gwada ba kumbon haƙa wani abu kamar anga, ya kafe a jikin dutse yadda ba mai iya ture shi, amma kuma sai ya ɗauki daƙiƙoƙi kafin ya saki idan ɗan fashi ya ɓullo. Mai rubuta manhajarmu ta ce mahaƙa za su tsane shi. Wancan karon da ta yi gargaɗi ita ce da gaskiya, don haka a yanki ɗaya kawai za mu fara sa shi, mu ga abin da koken safiya zai ce.