Birkin Hilux a yashin Ibeju-Lekki

Aikin Hilux ɗina kai kayan gini ne filayen da ake yankawa a Ibeju-Lekki da bayan Epe, inda kwalta ke ƙarewa sai yashi da laka. Tun da na sa mata manyan tayoyi don kada ta riƙa kafewa, birki ya canza hali. In na ɗauko siminti, sai na take sosai kafin ta yarda ta tsaya. Babbar taya ta fi nauyi, tsayar da ita kuma ya fi wahala. Birkin gaban Hilux ɗina faifai ne, na baya mai ganga, kuma na gaban ne ke shan yawancin aikin, shi ya sa na mai da hankali can.

A kasuwar Ladipo da ke Mushin faifai iri uku ake nuna maka: sumul, mai tsaga-tsaga, da mai huji-huji. Mai hujin ne ke ɗaukar ido, yaran shago ma shi suke fara miƙo maka. Bakanikena, wani dattijo Bakano mai gareji a Agege, bai yi doguwar magana ba. Ya jawo wani da ya cire daga wata Prado, ya sa tsinke yana tono busasshiyar laka daga ramukan, sannan ya nuna min siraran tsage da suka fara fita daga bakin kowane rami.

"Alhaji, wannan na 'yan gayu ne masu bin kwalta," in ji shi. "Kai da ke kutsawa cikin ruwan damina da birki mai zafi, yashi zai maƙale a ramin ya riƙa cin takalmin birki, ƙarfen kuma ya tsage."

Na ce, "To Baba, mai tsaga-tsagar fa?"

"Shi yana share laka da ruwa, amma ya fi cin takalmi. In za ka jure canji da wuri, ɗauki shi."

Shi na ɗauka. Da motar ba ta shiga laka sosai, sumul mai kyau ya wadatar, kuma ya fi araha.

Takalmin birki ne ya fi ba ni tunani. Na seramik shiru yake aiki, ba ya baƙanta ƙafar mota da ƙura, shi ya sa masu ƙananan motoci ke son sa. Mai haɗin ƙarfe kuwa yana ɗan kuka da safe, yana ƙura, yana kuma cin faifai, amma in mota ta ɗauki kaya birki ya ɗau zafi, shi ne ke riƙewa. Motar da ke yini cikin laka, me ruwanta da ƙurar taya? Na zaɓi mai ƙarfen. Tokumbo dai ban yarda da shi a takalmi ba. Faifai na hannu ma sai an auna kaurinsa, domin akwai iyakar da kamfani ke bugawa a jikinsa, in ya gaza ta, ya zama kayan bola.

Abin da ya fi sauya min taku shi ne man birki. Man yana shan danshi, danshin Legas kuwa kowa ya san shi. Sabon mai mai lambar DOT 4 sai ya kai zafin digiri 230 na Salsiyas yake tafasa, mai lambar DOT 3 kuma 205, amma da ruwa ya shiga sai ya tafasa tun kafin nan, ka taka ka ji laushi. Baba ya zuƙe tsohon, wanda ya koma kalar shayi, ya zuba sabo, ya goge fil ɗin da matsen birki ke zamewa a kai, ya shafa musu giris saboda tsatsar iskar teku.

Kafin ya bar ni in ɗora kaya, sai da muka fita titin da ba cunkoso, ina gudu kaɗan ina rage shi da birki ba tare da tsayawa cak ba, sau da dama, don takalmi ya zauna a jikin faifai. Yanzu duk ranar da na dawo daga laka, nakan ce wa mai wankin mota ya jira ƙafafun su huce kafin ya watsa ruwa ta ciki.