Mutum shida kawai, kuma dole ɗaya ya zama sabon hannu

Duk shekara wajen watan Yuli zuwa Agusta maharba daga jihohin Amurka suna yin dafifi zuwa Camp Perry, wani sansani a jihar Ohio bakin tafkin Erie, inda ake gasar harbi ta ƙasa tun 1907. Harbin allo ne fa ba farauta ba, ka saita bindiga ka sami tsakiyar baƙin da'ira daga nesa, a ƙirga maka maki. Akwai gasanni kala-kala a wurin amma wadda ta fi tsaya min a rai ita ce ta tawaga, National Trophy, wadda hukumar CMP (Civilian Marksmanship Program, mai koya wa farar hula harbi) ke shiryawa, saboda a nan ne jiha take fito da mutanenta su kara da juna, har da tawagogin sojoji.

Mutum shida ne ke harbi a kowace tawaga. Kowa harsashi 50, goma a tsaye daga yadi 200, goma a zaune cikin daƙiƙa 60, goma a kwance rub da ciki daga yadi 300 cikin daƙiƙa 70, sai ashirin a kwance a natse daga yadi 600. Maki 500 kenan ga mutum ɗaya, 3000 ga tawaga. Kuma babu harbin gwaji, harsashin farko da ya fita an rubuta shi, shi kenan.

To ga inda rigimar take. Jiha babba tana iya samun ƙwararru ashirin ko fiye, kujera kuwa shida ce, wa za a ɗauka wa za a bari? Yawancin mutane za su ce ai abu ne mai sauƙi, a yi gasar tacewa, shidan da suka zo saman takarda su tafi. Ni wallahi ban yarda da wannan ba, kuma ita kanta dokar gasar ba ta yarda ba, don ta ce dole cikin shidan nan a samu aƙalla mutum ɗaya da bai taɓa harba wannan gasar ba a rayuwarsa. Komai tarin gwanayenku, in babu sabon hannu tawagarku ba ta cika ba.

Na sha jin masu gunaguni a kan wannan doka, wai tana tauye haƙƙin wanda ya zo na shida, mutum ya kashe kuɗinsa a harsashi ya ƙone a rana shekara guda sannan a ce ya koma benci saboda wani yaro. Na gane zafin abin, gaskiya akwai ciwo. Amma ku duba abin da dokar take tilastawa: duk wanda ya shiga bana a matsayin sabo, baɗi ya zama tsohon hannu, don haka kowace shekara sai jiha ta nemo wani, ta koya masa, ta kai shi matakin da ba zai ja sauran ƙasa ba. Kyaftin mai hankali ma ba ya gaggawar saka yaronsa mai tasowa, yana lallaɓa shi sai shekarar da ya nuna sosai, tunda damar sau ɗaya ce tak. Da babu wannan doka da dattawa shida ne za su riƙe kujerun nan har ƙarfin idonsu ya ƙare, ranar da suka ajiye bindiga kuma a waiga babu kowa a baya.

Ko sauran biyar ɗin ma bai kamata a ce makin rana ɗaya ne zai yanke hukunci ba. A harbin tawaga akwai koci a bayanka da madubin hangen nesa, shi ke karanta iska, yana kallon tutoci da yadda hucin zafi ke rawa a saman fili, ya ce maka matsa dama kaza, harba yanzu, ko dakata. Iskar da ke tasowa daga tafkin nan ba ta da alƙawari ko kaɗan, a yadi 600 tana iya ɗauke harsashi daga tsakiya ta kai shi gefe kafin ka ƙifta ido. Saboda haka wanda ake so shi ne mai jin magana, an ce harba ya harba cikin 'yan daƙiƙu kafin iskar ta juya, kuma in hannunsa ne ya motsa ya faɗi gaskiya nan take, kada koci ya ɗauka iska ce ya gyara wa na kusa da shi saiti a banza. Akwai gwanin da shi kaɗai yana iya buga maki mai ban mamaki amma ba ya iya miƙa wuya ga kiran wani, sai ya riƙa gyara saitinsa a ɓoye, irin wannan ko ya zo na ɗaya a tacewa ni dai ba zan ɗauke shi ba. Gara mai buga matsakaicin maki kullum ba hawa ba sauka, da wanda yau yana sama gobe ya watse. Kamar zaɓen 'yan ƙwallo ne, ba masu cin raga goma sha ɗaya ake zubawa a fili ba.

Sannan a gasar akwai wurin da mutum biyu ke raba allo ɗaya suna harbi bi da bi, to nan ma sai an duba wa zai kwanta kusa da wa. Sabon nan a haɗa shi da mai sanyin rai wanda ba zai tsuke fuska ba in yaro ya yi kuskure.

Maganar yawan mutane kuwa, wasu na cewa shida sun yi kaɗan, a duba Palma, gasar ƙasa da ƙasa da aka fara a 1876, mutum 16 ne ke harbi daga yadi 800, 900 da 1000, ko gasar Kolapore a filin harbi na Bisley a Ingila da ake mutum takwas. Amma ai waɗannan ƙasashe ne, suna da inda za su ɗebo mutane. Jiha mai ƙarancin jama'a ina za ta samo mutum 16 da za su ɗauki hutu daga aiki, su biya mota da masauki da harsashi daga aljihunsu? Ga koci, ga kyaftin, ga na ko-ta-kwana, ga masu shiga ramin da ke ƙarƙashin alluna su ja allo ƙasa a duba maki a filin da ake yi da hannu, tawagar mutum shida ma ta zama ayari. Jihar da take da mutane da yawa ta fito da tawaga ta biyu, matasa su samu wurin gogewa, wannan ya fi a faɗaɗa ta farko.

Kuma kada a raina matasan nan. A 2009 wata tawagar yara daga Kalifoniya, California Grizzlies, ta lashe gasar Infantry Trophy a Camp Perry, wadda mutum shida ke raba harsashi 384 a kan alluna takwas cikin sauri, suka doke har tawagogin sojoji. A wannan gasar dole wasu su ɗauki allo biyu tunda alluna sun fi mutane yawa, wa zai ɗauka, harsashi nawa za a ba kowa, duk sai an tsara tun a gida an yi ta maimaitawa tare. Don haka in ni ne kyaftin ɗin jiha, tun watan Satumba zan fara neman sabon hannun baɗi, ba sai Yuni ya kama ana buga waya ana tambayar wa ya san wani yaro ba.