Idan kunnen yaro ya fara zubar da ruwa, ba warkewa ba ne

Abin da ke damuna shi ne yadda iyaye ke sakin jiki da zarar kunnen yaro ya fara fitar da mugunya, wai ciwon ya fito, tunda yaron ya daina kuka ya samu barci. Wallahi sau da yawa ba haka ba ne, dodon kunnen ne ya fashe, ruwan da ya taru a bayansa ya samu hanya, shi ya sa zafin ya sauka.

Bayan dodon kunne akwai wani ɗan ɗaki mai ƙananan ƙasusuwa guda 3 da ke kai sauti ciki, kuma akwai siririyar hanya da ta haɗa shi da bayan hanci. A yara hanyar nan gajeriya ce kuma a kwance take, to da mura ta kama sai ta toshe, ruwa ya taru, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, sai ka ga yaro yana jan kunne, ga zazzaɓi, ga kukan dare.

Likita zai haska ciki da ƴar fitilar duba kunne ya ga ko dodon ya yi ja ya kumburo ko akwai huji, wani lokacin a haɗa da gwajin ji. Sau da yawa ciwon yana lafawa cikin kwana 2 zuwa 3 da farasitamol kawai, in ya ƙi ko yaron ƙarami ne sosai ko mugunya na fita sai a ba da amoxicillin, maganin kashe ƙwayoyin cuta. Hujin ma yakan rufe da kansa cikin ƴan makonni in dai an bar kunnen a bushe, lokacin wanka a sa auduga mai ɗan Vaseline a bakin kunnen, banda iyo, banda tsinken ashana ko ɗiga mai. Kuma don Allah kar a sayi maganin ɗigawa haka kawai, masu gentamicin ko neomycin na iya lalata ji in dodon a buɗe yake.

In ruwan ya wuce sati 2 yana zuwa, ko yana wari, a kai wa likitan kunne, hujin da ya ƙi rufewa ana yi masa faci ta hanyar tiyata. Amma in bayan kunnen ya kumbura har kunnen ya turo gaba, ko jiri, ko baki ya karkace, ko wuya ya sanƙare, wannan a ranar ake zuwa asibiti.