Asabar a Tawa: sabbin finafinai sun iso shago

Gobe Lahadi kasuwar Tawa, mutanen ƙauye za su shigo da katunan wayoyinsu, don haka kayan da suka iso da hantsi ta Ƙonni dole a gama tantance su kafin dare. Saƙon kashi biyu ne: ƙunshin faifan DVD na haya, da diski ɗaya ɗauke da ci gaban shirye-shiryen Kano masu dogon zango, da finafinan Indiya fassarar Hausa, sai 'yan silsila masu muryar Faransanci waɗanda 'yan ci-ranin Abijan suka fi tambaya.

Faifan ba su ci lokaci ba. A ɗaga kowanne a haske, a saka shi a na'ura, a tsallaka zuwa mintocin ƙarshe. Can ake kama aibu, domin faifai daga tsakiya ake rubuta shi zuwa baki, kuma bakin ne yatsu ke taɓawa, nan ne mai arha ke fara lalacewa. Biyu sun daskare dab da ƙarewa, mun ware su. Faifai ɗaya 4.7 GB yake ɗauka. Wanda aka cusa wa finafinai takwas, fuskar jarumi ma ba ta fita sosai a babbar talabijin. Irin wannan ba na son ba da shi haya.

Babban aikin yana cikin diskin. Kafin a buɗe komai sai an bincika shi, saboda cutar kwamfutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar inuwarsu kawai. In ta shiga kwamfutar shago, duk katin da aka soka gobe ya kwasa. Daga nan sai duba tsarin kowane fim. Da yawa sun zo da tsarin hoto na H.265, wanda ke rage nauyin fayil, amma tsofaffin wayoyi da dikoda masu ramin USB ba su karanta shi: murya na tafiya, allo baƙi. Akasin haka ma na faruwa ga fayil ɗin MKV mai sautin AC3, hoto tas, murya babu. Maganin duka biyun ɗaya ne, a juya zuwa MP4, hoto H.264, sauti AAC. Ga masu ƙananan wayoyi ƙaramin hoto na 360p ya isa, masu kallo a talabijin kuwa a bar musu 720p, wanda ya fi fita tas.

Fassarar Indiya sai an kalli tsakiyarta, don wani lokaci murya tana farawa daidai da baki, sannan ta riƙa ja baya a hankali. Lambobin kashi kuma 01, 02, 03 ake rubutawa. In aka sa 1, 2, 3, na'ura ta jera na 10 kafin na 2, mai kallo ya san wanda ya mutu tun bai san wanda ya yi aure ba, kuma wannan cutarwa ce ga wanda ya biya kuɗinsa.

Da azahar kuran ya ɗauke ana tsakiyar juyi, wanda bai kammala ba sai daga farko.

Bayan la'asar wata dattijuwa ta kawo kati mai rubutun 32 GB. "Ɗana, cika mini shi da na Kano." Na ce, "Inna, bari mu gwada shi tukuna." Na jabu ne: yana karɓar kaya ba musu, amma abin da ya wuce ainihin cikinsa ba ya buɗuwa. Gwajinsa shi ne a cika shi, a cire, a mayar, a buɗe fayil na ƙarshe. Mun zuba mata iya abin da zai riƙe, dala ashirin. Katin kirki ma, in tsarin FAT32 gare shi, ba ya karɓar fayil ɗaya da ya haura 4 GB, sai an raba fim ɗin biyu.

Bayan isha'i an rubuta sunayen waɗanda aka tantance a allon ƙofa. Na Faransancin suna kan juyi har yanzu, ba za su hau allo ba sai an duba su da safe.