Zaɓen fistin ga injin Kompressor: shiga rami ba ya nufin ya dace

Motata Mercedes-Benz C230 Kompressor ce, ƙirar W202, mai injin M111 na silinda huɗu. Da ta fara shan man juye tana fitar da hayaƙi mai shuɗi, makaniken da ya daɗe yana duba mini ita ya ce babu makawa sai an sauke inji. Ranar da aka zare fistin na uku ya miƙo mini shi a tsumma, sai na ga siririn bangon da ke tsakanin ringi na farko da na biyu ya ɓalle, gefen samansa kuma ya yi ƙananan ramuka kamar an watsa masa yashi da ƙarfi. Ya ce: "Alhaji, wannan ba tsufa ba ne, duka ya sha." Abin da yake nufi shi ne fashewar mai a cikin silinda ba bisa tsari ba, wadda direba ke ji kamar ƙarar kas-kas idan ya taka mota a kan tudu.

Washegari na shiga kasuwa neman sabbin fistin, wani mai shago ya fito mini da saiti cikin kwali, ya auna faɗinsu a gabana, suka ba da milimita 90.9 ko kusa da haka, ya ce ai na injin 2.3 ne, za su shiga. Gaskiya ya faɗa, za su shiga, kuma ban zarge shi da niyyar cuta ba. Sai dai Mercedes ta ƙera wannan inji mai cc 2,295 iri biyu, dukansu da faɗin silinda 90.9 da tafiyar fistin milimita 88.4. Wanda ba shi da kwamfureso, wato na'urar da ke cusa iska cikin inji, yana matse cakuɗin iska da mai da ninki 10.4, yana ba da ƙarfin doki 150, shi kuwa na Kompressor an rage masa matsi zuwa 8.8, amma yana ba da 193. Da na ajiye sabon fistin kusa da tsohon nawa a kan tebur, sai bambancin ya fito fili, domin kan nawa yana da kwarmi mai zurfi, nasa kuwa bai kai rabin haka ba.

Dalilin wannan kwarmi shi ne ginshiƙin maganar duka. Kwamfureson Eaton M62 da ke jikin injin, wanda bel ke juyawa daga karanshaf, yana cusa iska da ƙarin matsi na kusan rabin bar (ma'aunin matsin iska), wato kafin fistin ya fara hawa ma silinda ta riga ta cika fiye da yadda za ta cika da kanta, kuma iskar da aka matse tana ɗaukar zafi ko da ta bi ta na'urar sanyaya iska. Na zauna na yi lissafi da biro. Kowace silinda tana ɗaukar kusan cc 574. A matsi 10.4, filin da ke saura idan fistin ya kai ƙololuwa kusan cc 61 ne, a matsi 8.8 kuwa kusan 73 da rabi. Bambancin bai wuce ƙaramin cokalin shayi biyu da rabi ba, amma shi ne ke raba injin da zai yi shekaru da wanda zai sake ɓalle bangon ringi cikin watanni. A nan ƙasarmu abin ya fi tsanani, domin kamfanin ya tsara injin a kan fetur mai oktan 95 (ma'aunin yadda fetur ke jure matsi), namu na gidajen mai yawanci bai kai haka ba, ga kuma zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40. Kwamfutar motar tana da sensa da ke jin wannan fashewa ta ja da lokacin wutar fulogi baya, amma akwai iyakar abin da za ta iya gyarawa.

Bayan kwarmin, abin da na fi ba wa lokaci shi ne tsayin da ke tsakanin tsakiyar ramin fin, wato ƙarfen da ke haɗa fistin da sandarsa, da saman fistin. Mutane da yawa ba sa auna shi, alhali idan ya ɗara na asali da rabin milimita kawai, an cinye fiye da cc 3 daga filin ƙonewa, matsi ya tashi daga 8.8 zuwa kusan 9.2 ba tare da kowa ya sani ba. Irin wannan ƙari yana faruwa idan an taɓa kankare tof silinda ko fuskar bulo saboda zafi, shi ya sa ya kamata a san tarihin injin kafin a sayi komai. Kaurin fin, gurbin bawul a kan fistin, da kibiyar da ke nuna gaban inji, waɗannan ana duba su ne da tsohon fistin a hannu, ba da ƙwaƙwalwa ba.

Sai batun ƙarfen da aka yi fistin da shi, inda wani abokina ya matsa mini in yi odar na tsere daga Amurka, irin na JE ko Wiseco, yana cewa ƙirarren fistin ya fi zubabbe ƙarfi. Haka ne, amma ƙirarrun ma iri biyu ne. Alminiyam mai lamba 2618 kusan ba shi da silikon, yana jure duka domin yana lanƙwasa kafin ya tsage, sai dai yana kumbura sosai da zafi, don haka dole a bar masa tazara mai faɗi a cikin silinda, da safe kuma sai ka ji yana ƙwanƙwasa har inji ya ɗumama, kuma yana saurin cinyewa. Mai lamba 4032 yana da silikon kusan kashi 12 cikin ɗari, kumburinsa kaɗan ne, yana zama da tazara matsattsiya, shi ne ya fi dacewa da motar da ake kai yara makaranta da ita. A ganina, wanda ya canja fulin kwamfureso don ƙara iska shi ke da hujjar neman ƙirarren fistin. Ni ban taɓa fulina ba, don haka na tsaya a kan fistin mai siffar na asali, daga kamfanonin Jamus irin su Mahle ko Kolbenschmidt, aka nemo shi da lambar injin da ke buge a jikin bulo, ba da sunan mota ba.

Bulon M111 na baƙin ƙarfe ne, ana iya fafe shi, kuma awo ya nuna silindata ta uku ta ƙarje har farce yana kamawa. Tsarin da na nace a kai shi ne a fara samo fistin mai ƙarin faɗi, a kai shi wurin masu injin fafa tare da bulon, su auna kowane ɗaya da maikiromita a wurin da takardarsa ta ce, sannan su fafe rami daidai da shi. Masu fafewa tukuna su je neman fistin daga baya, sa'a suke nema.

Ringi ma yana da nasa hukunci. Injin da ake cusa wa iska ya fi zafi a saman fistin, ringi yana miƙewa, idan bakunansa biyu suka haɗu babu inda zai je sai ya cije bangon silinda ya ɓalle abin da ke riƙe da shi. Ƙa'idar da maƙeran fistin suka saba bayarwa ga irin wannan inji ita ce kusan kashi biyar cikin dubu na faɗin silinda, wato wajen milimita 0.45 a ringin sama na wannan inji, amma takardar da ta zo cikin kwali ita ce ke da maganar ƙarshe. Na tsaya a kan makaniken yana tura kowane ringi cikin raminsa da kan fistin don ya zauna daidai, yana zura filageji, siririn ƙarfen auna tazara, a tsakanin bakunan. Biyu daga ciki sun matse, ya goge su da ƙaramin zarto a hankali, daga waje zuwa ciki, ya share kaifin.

Mun ɗora fistin huɗun a kan sikelin masu sayar da zinariya, nauyinsu ya zo kusan ɗaya. Kafin a rufe tof na sa an wanke nozul ɗin mai an kuma gwada famfon fetur, domin ƙarancin mai a silinda ɗaya yana iya haddasa irin dukan da na gani a fistin na uku, kuma nozul ɗinsa ne aka samu yana fesawa a karkace.