Yaron da ya tambaye ni Kongolam

Shekara huɗu ina koyar da darasin zamantakewa a wata ƙaramar sakandare a Daura, kuma duk lokacin da muka zo kan rabon Afirka, waƙa ɗaya nake rerawa: a taron Balin na 1884 zuwa 1885 ne Turawa suka baje taswira suka yanyanka nahiyarmu kamar naman watanda. Yara su kwafa, su haddace, su amayo mini a jarrabawa, in ba su maki. Kowa ya huta.

Ran da asirina ya tonu, wani yaro ɗan Mai'aduwa da ke zama can ƙurya, wanda ban ma san muryarsa ba, ya ɗaga hannu.

"Malam, su mutanen Balin ɗin sun san Kongolam da ke bakin iyakarmu da Nijar ne? Kakata tana tsallake, gonarta kuma tana wajenmu."

Na ce masa haka yake a littafi, ya zauna. Amma ni na san ba a littafi na gani ba, daga bakin malaminmu na ɗauko, ban taɓa bincikawa ba. Daren nan barci ya gagare ni.

Da na koma karatu sai kunya ta kama ni. Bismak na Jamus ne ya kira taron, ƙasashe 14 suka halarta, babu ɗan Afirka ko ɗaya a zauren. Wannan kam ban yi ƙarya ba. Sai dai abin da ya fi cin lokacinsu shi ne Kwango, da zirga-zirgar jiragen ruwa a kogin Kwango da na Kwara, da sharuɗɗan da mai son kama sabon yanki a bakin teku zai cika. Iyakarmu da Nijar ba a can aka shata ta ba.

Ingila da Faransa ne suka yi ta ja-in-ja a kanta. A 1890 suka ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Baruwa a tafkin Cadi. A 1898 suka sake. Faransawa suka koka cewa rabon ya bar su da hamada, ba hanya mai ruwa da ayarinsu zai bi ya isa Damagaram, don haka aka gyara a 1904, aka ƙara gyarawa a 1906, sannan masu awo suka biyo ƙasa suna kafa alamu. Ashe har da neman rijiya a cikin abin da ya karkata layin nan. Ni kuwa kullum ta wajen Kusugu nake wucewa a kan babur, ban taɓa kawo wa raina cewa rijiya tana da wani tarihi bayan na Bayajidda ba.

Ran Litinin na shiga aji ban riƙe littafi ba. Na zana layi huɗu a allo, kowanne da shekararsa, na ce musu abin da na koya musu akwai kuskure a ciki. Fitar wannan magana daga bakin malami akwai nauyi, sai wanda ya gwada. Na sa kowa ya tambayo tsofaffin gidansu dangin da suke da su a Magariya ko Matamai. Sati bai zagayo ba, sunayen ƙauyuka sun cika allo.

Yaron nan ya sake ɗaga hannu.

"To Malam, 'yan bara da suka ci maki da amsar Balin fa?"