Hannun babba a jikin yaro: inda ya dace da inda zai tsaya

Duk mai aiki da yara sai ya taɓa su. Malamin makarantar allo a unguwar Birni ta Damagaram yana kama hannun kolo har ya saba da alƙalami, madam ta ajin ƙanana tana share majina tana ɗaura zariyar wando, ma'aikaciyar CSI, wato cibiyar lafiya ta unguwa, tana zagaya tsakiyar damtsen yaro da ma'auni don ta ga ko ya faɗa ja, wato ƙasa da milimita 115, alamar tamowa mai tsanani. Saboda haka dokar "kada a taɓa yaro ko kaɗan" ba ta aiki, kuma ba ita ce tarbiyyarmu ba. Manzon Allah (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan a gaban mutane, ya kuma yi salla yana ɗauke da jikanyarsa Umama. Abin dubawa shi ne: taɓin nan don bukatar wa aka yi shi, kuma wa ke gani?

Taɓin da ya dace bukatar yaro ce ta jawo shi, a idon jama'a aka yi shi, gajere ne, kuma in yaron ya noƙe sai a janye hannu. Kai, kafaɗa, hannu da saman baya ba su da matsala in an dafa na daƙiƙa biyu ko uku. Ƙirji, baki, mazaunai, da duk abin da ke tsakanin cibiya da gwiwa ba wurin hannun malami ba ne, ko da wasa. Yaro mai kuka ana tsugunawa daidai tsayinsa, ta gefe, a tambaye shi kafin a dafa shi. Ɗan shekara biyu ko uku ana iya ɗaukarsa a tsakar fili. Wanda ya isa lakwal kuwa kusa da kai zai zauna, ba bisa cinya ba.

Wajen koyar da rubutu ma akwai tsari. Malam ya zauna ta gefen hannun da yaron ke rubutu da shi, ya ce masa "kawo hannunka in nuna maka", ya ja harafi uku ko huɗu tare da shi, ya saki. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsayawa ta baya a sunkuya har ƙirjin babba ya rufe bayan yaro. Ba ya ƙara wa rubutu kyau, kuma babu mai iya ganin inda ɗayan hannun yake. Yarinyar da ta kai tara ko goma, malami namiji ya rubuta a nasa allon ta kwaikwaya.

Makewayi ne wurin da ya fi bukatar ƙa'ida, don nan ne taimako na gaskiya da ɓarna suke iya kama da juna. In ɗan shekara uku ya ɓata wandonsa, mai kula da shi ta fara sanar da wata babbar cewa za ta kai shi. Ƙofa a bar ta a ɗan buɗe: yaron ya samu sutura, mai kula da shi kuma a riƙa jin motsinta. Duk abin da yaron zai iya da kansa a bar shi ya yi, ita ta riƙe buta tana zuba ruwa. Inda dole sai ta sa hannu, ta sa safar hannu ko leda mai tsabta, ta faɗa masa abin da za ta yi, ta gama da sauri, su wanke hannu da sabulu su biyun. Ya kamata kowane ajin ƙanana ya ajiye wanduna biyu ko uku na canji, don rashin su ne ke sa a bar yaro tsirara yana jiran nasa ya bushe. Sannan a faɗa wa uwarsa ran nan, ba gobe ba. Wannan faɗin yana da amfani biyu: in ta ga ja ko ƙuraje da dare ba za ta ɗora zargi inda bai dace ba, yaron kuma ya taso da sanin cewa duk abin da ya shafi al'aurarsa uwarsa na da labari. Daga shekara biyar ko shida yaro mai lafiya shi ke yi wa kansa tsarki, babba na waje.

Akwai kuma taɓin fushi, wanda mutane ba su cika lissafa shi cikin wannan magana ba, alhali shi ma yana kai yara likita. Fizgar hannun ɗan ƙasa da shekara biyar na iya goce masa gwiwar hannu, sai a ga ya saki hannun ya ƙi ɗaga shi. Ta ƙarƙashin hammata ake ɗaga ƙaramin yaro. Mari a kan kunne na iya fasa dodon kunne. Girgiza jariri don ya yi shiru na iya zubar masa da jini cikin kai. Durƙusar da yaro a rana cikin Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin Damagaram ke wuce digiri 40, hanyar suma ce. In faɗa ya kaure, a shiga tsakani da murya tukuna, in ta ƙi a riƙe damtse ko kafaɗa a ja baya, a saki da zarar sun rabu. Wuya ba a kama shi, kuma ba a danne yaro rub da ciki, don numfashi ke tsayawa.

Amma a ganinmu babban haɗarin ba daga hannu yake farawa ba. Mafi yawan masu lalata da yara mutane ne da yaran suka sani, kuma a hankali suke shigowa: aike zuwa ɗaki bayan an tashi, "tsaya ki share mini ɗaki", "zo ka yi mini tausa", 'yar dala ashirin da ake ba yaro ɗaya kullum ban da sauran, ɗauka a babur zuwa gida, saƙon WhatsApp da dare, daga ƙarshe "kada ka faɗa wa kowa". Kowane ɗaya shi kaɗai ana iya kare shi da hujja, shi ya sa ba a jiran hujja. Tsari ake kafawa wanda ya hau kan kowa, har da malamin da aka fi yarda da shi: babba ɗaya ba ya kaɗaita da yaro ɗaya a rufaffen wuri, aike yara biyu ake turawa, darasin gida a zaure ko tsakar gida ake yinsa, lambar uwa ko uba ake kira. Wasan "matata" da "mijina" kuma na kaka da jika ne. Mushe, wato malamin lakwal, ko malam ba shi da hurumin aro shi. Mun saba cewa yaro ba ya musu da babba, to amma yaron da ya durƙusa ya gaida baƙo ya gama ladabi, ba sai an tilasta shi hawa cinyarsa ba.

Inda yara ke kwana, kamar tsangaya, addini ya riga ya ja layi. Hadisi ya ce a raba musu shimfiɗa in sun kai goma, aya ta 58 ta Suratun Nur kuma ta koyar da neman izini a lokuta uku: kafin asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufafi, da bayan isha'i. A aikace, kowane yaro da tabarmarsa, gardawa daban ƙanana daban, fitila a kunne inda suke kwana.

In yaro ya zo ya ce wani ya taɓa shi, yadda aka karɓi maganar a mintocin farko ne ke sa ya ci gaba ko ya yi gum. Kada a yi salati da ƙarfi, kada a ce "ka tabbata?", kada a sa masa suna a baki. A ce "faɗa mini abin da ya faru", a saurara, a gaya masa ba laifinsa ba ne. Kada a yi masa alkawarin ɓoyewa, don ba za a iya cikawa ba. A rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su, da rana da lokaci. Malami ba ya tuɓe yaro don ya duba, aikin likita ne. In ana zaton fyaɗe, kada a yi masa wanka, kada a wanke tufafin, a tafi CSI ko babban asibitin Zinder nan take: maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, na hana ɗaukar ciki cikin awa 120. Bayan nan sai kwamisariya ko jandarmomi, kuma akwai alƙalin yara. Kada a haɗa yaro gaba da gaba da wanda ya ambata, kuma a janye mutumin daga cikin yara har a gama bincike. Abin da ya fi ɓata irin wannan magana shi ne sulhun cikin gida da sunan rufin asiri: awannin magani su wuce, shaida ta goge, mutumin ya koma wata unguwa ya samu wasu yaran. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara tun 1990, dokar hukunta laifuka ta ƙasa ta tsananta hukunci in yaron bai kai 13 ba, kuma a Disamban 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare 'ya mace da ke karatu.

Kwamitin gudanar da lakwal, wato CGDES, da ƙungiyar uwaye ta AME su ne suka fi dacewa su rubuta waɗannan ƙa'idoji a takarda ɗaya, da Hausa da Faransanci, a karanta wa iyaye a taron farkon shekara cikin Oktoba, kowane ma'aikaci ya sa hannu har mai gadi da mai sayar da abinci a bakin ƙofa. A ambaci mutum biyu da yaro zai kai wa ƙara, mace da namiji, don in ɗayansu ne abin ya shafa yaron ya samu wurin zuwa.